Shagon Quimby's a Shikago, da ƙananan littattafan fotokwafi da na kwaso

Shekara shida na yi ina aiki a shagon fotokwafi kusa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero a Kano, kafin Allah ya yi mini fitowa Amurka. Handawut ɗin ɗalibai, takardun filaye, katin ɗaurin aure, sakamakon jarrabawa, babu abin da bai bi ta hannuna ba. Har yau idan aka miƙo mini takarda, kafin in karanta abin da ke cikinta sai na fara duba injin da ya fitar da ita. Shi ya sa ranar da 'yata ta ja ni zuwa Quimby's, tun daga bakin ƙofa hancina ya riga idona gane wurin. Ƙanshin takardar da ta sha zafin inji ne, wanda rabona da shi a taru haka tun ina saurayi.

Ita ce ta matsa. Shekararta goma sha shida, a nan aka haife ta, kuma malamarsu ta zane ta ce kowa ya je ya sayo abin da ake kira "zin" ya kawo aji. Na tambaye ta mene ne kuma zin. Ta ce, "Abba, ɗan littafi ne da mutum yake yi da kansa, ya buga a injin fotokwafi, ya ɗinke da fil." Na ce to ai wannan sana'ata ce, tashi mu je.

Daga Rogers Park inda muke zaune, jan layin jirgin ƙasa muka hau zuwa tashar North/Clybourn, sannan muka shiga bas mai lamba 72 da ke bin titin North Avenue zuwa yamma. Wanda ya fito daga tsakiyar gari ya fi sauƙi ya hau shuɗin layi ya sauka a tashar Damen, daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Shagon yana lamba 1854 West North Avenue, a unguwar Wicker Park, kuma alamarsa zanen ɓera ce. Wani mutum mai suna Steven Svymbersky ne ya buɗe shi a 1991, wato ya haura shekara talatin yana sayar da kayan da manyan kantunan littattafai ba sa ko kallo.

Suna da littattafai irin na kamfani, da littattafan zane masu labari, da mujallu. Ban tsaya a nan ba. Abin da ya riƙe ni shi ne kantocin zin, jere bisa jere, an jingina su fuskarsu na kallon mai shigowa, wasu girman tafin hannu, wasu rabin takarda, wasu an ɗaure su da zare, wani ma na gani da robar ɗaure kuɗi. Yadda kayan ke zuwa shi ne ya fi burge ni: mutum ya yi abinsa a gida, ya kawo ko ya aiko ta gidan waya, shago ya ajiye masa, in an sayar a raba kuɗin. Duk wanda ya san yadda marubutanmu na Kano suke kai littafi wurin 'yan kasuwa a Sabon Gari su bari sai an sayar su dawo karɓar kuɗi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bari in faɗi abu ɗaya tun da wuri saboda iyaye irina. Wurin ba a tace shi ba. Akwai kayan da ba na yara ba ne, akwai zane da kalmomin da ni kaina ba zan shiga da su gidana ba. Ba a ɓoye wannan ba, kuma ba a tilasta wa kowa ya ɗauka. Ni dai ina gefen 'yata har muka fito, abin da ta zaɓa sai da na buɗe na duba. Wanda zai je da yaro ya yi haka, wanda kuma ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba ya tambayi masu shagon kai tsaye inda gajerun labarai suke, za su nuna masa. Ni haka na yi, yarinyar da ke tsaron shagon ta taso da kanta ta kai ni, ta ciro mini guda huɗu ta ce in fara da su. Ba ta tsaya a kaina ba, ba ta kuma nuna gajiya ba duk da na shafe fiye da awa ɗaya ina juya shafuka.

Ranar farko guda tara na saya. Mafi araha dala 2, mafi tsada dala 8, duka ban kai dala 45 ba. Daga lokacin zuwa yau na koma sau biyar, kuma kwalin takalmin da nake tara su ya kusa cika.

Kafin in zo kan labaran, dole in yi maganar aikin hannu, domin a nan ne na fi kowa jin daɗi. Takardar da aka fi amfani da ita a Amurka ba A4 ɗinmu ba ce, ta ɗan fi ta faɗi kuma ta ɗan fi ta gajarta, inci takwas da rabi a sha ɗaya. Ita ake ninkewa biyu, kowace takarda ta ba da shafi huɗu. Saboda haka duk zin da aka ɗinke ta tsakiya za ka ga shafukansa 16 ne, ko 20, ko 24, ko 32. Ba za ka taɓa samun 18 ba. Kuma shafin farko da na ƙarshe a fuskar takarda ɗaya suke zama. Wannan lissafin shi ne yake kayar da sabon shiga. Na tuna yadda maigidana yake sa ni in yanka 'yan takardu in yi ƙaramin samfuri, in rubuta lambar shafi a kowanne, in warware in ga wanne ke maƙwabtaka da wanne, kafin ya yarda in taɓa rim ɗin takardar kwastoma. A cikin tara na farko akwai guda da mai shi ya rikice, shafi na 11 ya zo kafin na 9, sai ya bi kowane kwafi da biro ja ya zana kibiya. Na daɗe ina kallon kibiyar nan. Mutum ne ya zauna da daddare ya bi kwafi hamsin ko ɗari ɗaya bayan ɗaya don kada mai karatu ya ɓata.

Tonar inji, wato tawadarsa, gari ce, ba ruwa ba, zafi ne yake narkar da ita ta manne a takarda. In ta kusa ƙarewa sai ka ga wani zirin shafi ya yi fari-fari daga sama har ƙasa. In diram, wato gangar da ke juyawa a cikin inji, ya samu ƙarzuwa, layi siriri zai riƙa fitowa a wuri ɗaya a kowane shafi. In datti ne a gilashi, ɗigo ɗaya zai bi ka tun daga bango har bango. In kuma kwafin kwafi ne, haruffa sai su yi kauri, cikin "a" da "e" ya toshe. Duk waɗannan na same su a kwalin nan nawa. A shagonmu na Kano aibi ne, kwastoma zai dawo da aiki ya ce a sake. A nan wasu da gangan suke yi: su yanka rubutu da almakashi, su manna a kan hoto, su bar inuwar gefen takardar ta fito, su ƙara baƙin inji har fuskar mutum ta koma kamar gawayi. Da farko abin ya dame ni. Daga baya na gane bambancin wanda ya san injin yana wasa da shi, da wanda kawai bai damu ba, kuma bambancin a fili yake ga wanda ya yi sana'ar. Akwai kuma masu amfani da wani injin Japan da ake kira Risograph, mai buga launi ɗaya bayan ɗaya, tawadarsa takan ɗan goge a yatsa. Suna da kyau ƙwarai, amma sun fi tsada, kuma ni zuciyata tana wurin baƙi da fari.

To, labaran fa?

Gaskiya ita ce, a cikin goma, uku ne suke tsaya mini a rai. Huɗu na karanta na manta. Uku kuwa ban iya ƙarasawa ba. Babu edita a wannan harka, babu mai cewa "rage nan, wannan shafin bai da amfani." Na sayi wani mai shafi 40 a kan dala 6 saboda bangonsa ya yi kyau, na tarar da fushi ne zalla tun daga farko har ƙarshe, mutum yana zagin maigidan hayarsa da tsohuwar budurwarsa, babu wanda ya motsa daga inda yake, babu abin da ya faru. Wannan ba labari ba ne, kuma na ji zafin kuɗina. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na saya sai na karanta shafin farko gaba ɗaya da shafi ɗaya daga tsakiya ina tsaye. Bango ba ya ruɗa ni kuma.

Amma ukun nan da suke tsayawa, ban san inda zan same su ba in ba a irin wannan wuri ba.

Akwai na wata mata, shafi 16, an buga shi da tsohon keken rubutu, bangon takarda ce ruwan ƙasa irin ta ƙunshe kaya. Labarin wata ce mai sharar ofis da daddare a wani dogon bene. Ba ta taɓa ganin mutanen da ke zama a teburan ba, amma ta san su ta abin da suke jefawa a kwandon shara. Ta san wanda ya daina shan sigari, ta san wadda take da ciki kafin abokan aikinta su sani, ta san wanda za a kora. Wata rana ta tarar da wani tebur an kwashe komai, saura kofi ɗaya, sai ta wanke kofin ta mayar inda yake, kuma ta ci gaba da wanke shi kowane dare har wata uku. Shi ke nan labarin. Ni aikin gadi nake yi da daddare, ina ganin irin matan nan suna shigowa ƙarfe goma da bokitinsu, muna gaisawa da kai. Na karanta shi a bakin aiki wajen ƙarfe uku na dare, na rufe, na kasa ɗaukar wani abu har gari ya waye. Babu sunan marubuciyar a jiki sai haruffa biyu, da lambar kwafi da aka rubuta da fensir: 23 cikin 60.

Na biyu rabi Turanci ne rabi Sifaniyanci, shafin hagu da na dama. Yaro ne yake raka kakarsa asibiti don ya yi mata tafinta, likita ya faɗi abin da yaron ba ya son kakar ta ji, sai ya fassara mata wani abu dabam. Wannan 'yata ce ta fara karantawa. Ta kawo mini ɗaki ta ce, "Abba, karanta wannan." Ba ta ƙara komai ba. Ita ce take yi wa mahaifiyarta tafinta a wurare da yawa tun tana 'yar shekara tara, kuma ban taɓa tambayarta yadda abin yake a wurinta ba sai daren nan. Mun daɗe muna hira. Dala 4 na biya.

Na uku ƙarami ne ƙwarai, irin wanda ake yi da takarda ɗaya tak: a ninke ta sau uku, a tsaga tsakiya sau ɗaya, ta koma ɗan littafi mai shafi takwas ba tare da fil ko ɗaya ba. Kowane shafi jimla biyu ko uku. Wani ne ya gaji kejin tattabaru daga maƙwabcinsa da ya rasu, ya sake su, su kuma kullum sai su dawo. Na taɓa kiwon tattabaru a Fagge, na san ba sa barin gida. Shi ma marubucin ya sani, domin ya faɗi yadda suke kewaya rufin sau biyu kafin su sauka.

Abin da ya haɗa ukun nan shi ne gajarta da rashin neman burgewa. Mujallar adabi ta jami'a wataƙila za ta ce su ƙara tsawo, ko su gyara ƙarshen. Su kuwa sun faɗi abin da suke da shi sun tsaya. Kuma mutanen da ke ciki su ne mutanen da nake gani a bas da asuba.

Da na fara sha'awar abin sai na bi asalinsa, na tarar da cewa garin nan da nake zaune yana da hannu a ciki. Masu sha'awar labaran ƙagaggen kimiyya ne suka fara, kuma wanda aka fi ambata a matsayin na farko an fitar da shi ne a 1930 daga wata ƙungiyar masu musayar wasiƙu a nan Shikago. Kalmar "fanzine", wadda aka gutsure ta koma zin, wani mai suna Russ Chauvenet ne ya ƙirƙiro ta a 1940. A lokacin da injin sitensil ake bugawa, irin wanda makarantunmu suka daɗe suna buga takardun jarrabawa da shi. Kamfanin Xerox ya fito da injinsa na 914 a 1959, wanda yake kwafi a kan takarda ta yau da kullum, kuma da shagunan kwafi suka yawaita a shekarun 1970 sai matasan kiɗan "punk" na Landan da New York suka rungumi abin. A 1982 Mike Gunderloy ya fara fitar da Factsheet Five, wadda aikinta ta jera zin ɗin mutane da ɗan sharhi a kansu da adireshinsu, mai so ya sa dala ɗaya ko biyu a ambulan ya aika. A farkon shekarun 1990 'yan mata a garin Olympia na jihar Washington suka mayar da shi makamin faɗin abin da ke damunsu. A 2010 aka fara taron baje kolinsu a garin nan, Chicago Zine Fest. Intanet ta zo, kowa ya ce takarda ta mutu, amma kantocin Quimby's a cike suke.

Duk wannan bai zo mini a baƙo ba. Na tashi a lokacin da littattafan soyayya suka cika Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980 da marubuta suka gaji da jiran kamfanonin ɗab'i suka fara tara kuɗi suna buga abinsu. Yayata takan aike ni shagon haya in karɓo mata na ɗaya, gobe in mayar in karɓo na biyu, littafin ya sha hannu har bangon ya koma kamar tsumma. Malamai suka raina su, aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, har a 2007 aka tara wasu aka ƙona a bainar jama'a. Amma mata da yawa a unguwarmu da su suka iya karatun boko sosai. Bambancin da na gani shi ne, namu ana buga dubbai ne don a sayar a ci abinci, waɗannan kuwa mai kwafi sittin ya san ko kuɗin takarda da kyar zai mayar. Ba na cewa ɗaya ya fi ɗaya. Marubuciyar Kano da ke ciyar da 'ya'ya da alƙalaminta ba ta da halin buga kwafi sittin don jin daɗi. Sai dai akwai irin labarin da ba zai taɓa sayuwa dubu ba, kuma shi ma yana buƙatar inda zai zauna.

Na tuna wani ɗalibi da yake zuwa shagonmu da yamma in layi ya ragu. Gajerun labarai yake rubutawa a littafin makaranta, ya ce in yi masa kwafi goma, ya raba wa abokansa. Maigidana yakan ce, "Yi masa a bayan takardun da suka lalace, kada ka karɓi kuɗinsa." Ban taɓa karanta ko ɗaya ba, ina sauri in gama kafin a ɗauke wuta. Wannan yana cikin abubuwan da nake nadama. Abin da yaron nan yake yi shi ne ainihin abin da na hau jirgi da bas na je na saya da dala.

Ga wanda zai je: ya ware lokaci, awa ɗaya ba ta isa. Ya duba lokacin buɗewarsu kafin ya fito. Abin da ya gani ya so ya ɗauka a ranar, domin kwafin kaɗan ne. Na koma neman wani kwafin na matar nan mai labarin shara don in ba wani abokina, na tarar ya ƙare, kuma babu tabbacin za ta sake bugawa. Ya duba bangon baya, yawanci akwai adireshin imel ko akwatin gidan waya, kuma masu yin abin suna amsawa. Na rubuta wa mai labarin tattabaru layi uku, bayan sati biyu ambulan ya iso da sabon zin ɗinsa a ciki da zanen tattabara a bayan ambulan ɗin. Turancin wasu yana da wuya saboda karin maganar titi, ni 'yata nake tambaya. Wanda kuma ba ya Shikago, shagon yana da shafin intanet da ake saye, sai dai rabin daɗin yana cikin juya takardar da hannu kafin ka biya.

A zuwana shida ban ci karo da ko ɗaya da Hausa ba. Watan jiya na sayi sitefula mai dogon hannu, wadda take kaiwa tsakiyar takarda, da rim ɗaya. Ina da labari tun 2004 a cikin wani tsohon littafin lissafin shago, na wani mai gyaran janareta da ya kurumce. Na buga shi a kwamfuta, ya zo shafi 12 daidai, takarda uku gaba da baya. 'Yata ta zana bangon, kuma ta ce sai na sa fassarar Turanci a shafin dama kamar na yaron nan mai tafinta, wanda hakan zai mayar da shi shafi 24. Muna kan fassarar yanzu, kowace Lahadi bayan la'asar. Jiya mun tsaya a kan kalmar "kunya", ta kawo kalmomi huɗu na Turanci, ban yarda da ko ɗaya ba. Ta ce, "To Abba, mu bar ta da Hausa." Haka muka bar ta, muka wuce shafi na bakwai.